Rage ƙyauren Baba ya shiga ɗakin Inna

Juma'a, 3 ga Janairu 2025 (3 ga Rajab)

Yau muka ɗauko ƙyauren daga wurin Yaya. Shekara uku ke nan yana jingine a bayan sitonsa, lulluɓe da tsohon bargo, tun ranar da na kwance shi daga gidanmu na unguwar Sabil a Jidda, da rusau ya iso unguwar a farkon 2022. A ranar kowa na ta kan firji da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da injin wanki, ni kuwa ina tsaye da sukundireba ina kwance hinji, don Inna ta ce ko me za a bari, kada a bar ƙofar ɗakin Malam, wato Baba. Mai dabbab, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya karɓi riyal 60 zuwa nan Harazat. Ni da ƙanena muka hau da shi saman bene, sai da muka huta sau biyu a matakala.

Bayan la'asar na auna. Tsawon ƙyaure santimita 212, faɗi 92, kauri 4.5. Katako ne zalla mai ja, irin mai allo huɗu a tsakiya. Firam ɗin ɗakin Inna kuwa faɗinsa 89.6 a sama, 89.3 a ƙasa. Tsawo ta gefen hinji 203.5, ta gefen kuba 202.8, wato daɓen ba a kwance yake daidai ba. Na auna sau uku don ban yarda da idona ba, sau ukun abu ɗaya tef ya nuna. Ke nan sai an rage kusan santimita 10 a tsawo, 3 da ɗoriya a faɗi. Sa'a ɗaya, ɓangaren da yake buɗewa ya yi daidai da na ɗakin.

Ina so ya hau kafin azumi. Aikin tuƙi bai bar mini komai ba sai Juma'a da ɗan bayan isha'i.

Asabar, 4 ga Janairu

Mai gidan da muke haya ya amince, da sharaɗin in adana nasa ƙyauren, ranar da za mu tashi in mayar. Na biya wani shagon kafintoci da hoto a waya, suka ce 150, in kawo in bari, in dawo bayan kwana biyu. Na tsaya na kalli yadda yaran shagon ke jefa allunan mutane a kan inji, na yi sallama na fito. Kawu ya yi shekara talatin yana kafinta a garin nan, amma yanzu hannunsa rawa yake, kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa. Ya ce in na samo zarto zai zo ya zauna kusa da ni. Ni zan yanka.

Litinin, 6 ga Janairu

Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ina kan hanya aka fara, raina duk yana saman bene. Na kira uwargida, ita da babban ɗana suka ja shi ƙarƙashin rumfar tankin ruwa, amma kafin nan bargon ya sha ruwa ya manne a jikinsa, gindin kuma ya zauna cikin ruwan da ya taru. Da na dawo na goge shi na sake aunawa, faɗin ƙasa ya koma 92.2. Kawu ya ce a waya kada in kuskura in shanya shi a rana, zai kantare, kuma katakon da ya kantare ba ya dawowa. In kwantar da shi a inuwa a kan sanduna uku yadda iska za ta bi ta ƙasa, in riƙa juya shi. Ya ce duk wanda ya yanka katako yana jiƙe, awon ƙarya ya yanka. Mun sauko da shi falo. Laifina ne, na ga saƙon gargaɗin ruwa a waya tun daren jiya, ban kawo ƙyauren a raina ba.

Juma'a, 10 ga Janairu

Harajin Sawarik, kasuwar kayan gwanjo, bayan la'asar. Na zaga layin kayan aiki sau biyu kafin na tsaya a kan wani zarton lantarki mai faifai, Makita, na hannu amma da sauransa. Faifansa milimita 185, kuma yana iya ratsa katako mai kaurin santimita 6 da wani abu, ke nan ƙyauren Baba a wucewa ɗaya ne. Abin da na fi dubawa shi ne murfin da ke rufe faifan ta ƙasa, ko yana komawa da kansa in an sake shi. Na ga guda biyu da aka ɗaure murfinsu da waya, ban ko taya ba. An faro daga 260, muka daidaita a 190.

Na kuma sayi wani farin ƙyaure marar nauyi a 35 don in koyi hannu a kansa, in ya tsira a sa wa ɗakin ajiya. Ƙarfen matsewa guda biyu, 40. A layin ƙyamare kuwa jikina ya yi sanyi: ga su nan jere a jingine, na ƙarfe da na katako, wasu da lambar gida har yanzu a jiki. Na san daga irin unguwanninmu da yawansu suka fito, Gulail da Karantina da Kandara da sauransu.

Asabar, 11 ga Janairu

Na jona zarton a soket ɗin tsakar gida, ya riƙa juyawa a kasalance yana gurnani. Har na fara zargin mai haraj a zuciyata. Ashe gidan irin na da ne mai wuta biyu, wasu soket 127 ne, wasu 220, kuma babu alama a jikinsu. Da na ja waya daga na mukayyif sai ya tashi da ƙarfinsa har yara suka toshe kunne. Na nemi gafarar Allah kan zargin. Na bi soket ɗin gidan duka na rubuta wa kowanne lambarsa a kan salatef.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ranar gwaji, kuma ban ji daɗinta ba.

Na ɗora farin ƙyauren a kan durom biyu a saman bene, na ja layi da fensir santimita 6 daga ƙasa, na bi layin da ido kawai. Kafin in kai rabi na san na ɓata. Layin ya yi ta karkata kamar tafiyar maciji, fatar sama kuma ta yi ta tsagewa tana tashi, gefen ya zama kamar ɓera ya gaigaye shi. Da na leƙa ta ƙasa sai na ga can sumul yake. Na zauna na juya faifan da hannu, bayan na zare filogi, sai na gane dalili. Haƙoran ta ƙasa suke shiga katako su fito ta sama, don haka duk ɓarnar a fuskar da ke kallona take.

Abu na biyu, guntun da ya faɗi ya tafi da gindin ƙyauren gaba ɗaya. Cikinsa fanko ne, kwali ne kawai aka saƙa kamar saƙar zuma tsakanin fatu biyu, katakon gaske bai wuce santimita 4 a ƙasa ba. Na yanka sama da shi, sai ga baki a buɗe, ina matsa fatun da yatsa suna lotsawa.

Na uku shi ne wanda har yanzu in na tuna gabana ke faɗuwa. Na ce bari in sake yanka sama kaɗan don in gyara layin, kuma don kada guntun ya karye ya faɗi sai na tokare shi da kujera. Kujerar ta ɗan fi durom tsawo. Ina kusa da ƙarshe tsagar ta rufe ta cije faifan, zarton ya yi tsalle ya harbo baya, ya ja wani dogon tabo a fuskar ƙyauren, ya tsaya tazarar tafin hannu da cinyata. Murfin nan da na tsaya dubawa a haraj ya riga ya rufe. Ɗana yana tsaye a bakin matakala yana kallo. Na zare filogi, na ce ya sauka ƙasa, na zauna a kan durom na daɗe ban tashi ba. Alhamdu lillahi.

Ban gaya wa Inna ba. Kawu na gaya wa, ya yi shiru, sannan ya ce kada in sake kunna shi sai ya zo.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na ɓare fatun daga guntun da ya faɗi, na kankare tsohon gam, na tura kwalin ciki, na shafa sabon gam na cusa katakon a bakin da ya buɗe. Na matse shi ya kwana. Gam 18.

Talata, 21 ga Janairu

Ya kama gam-gam. Faɗin ƙyauren Baba ya dawo 92. Na sayi sabon faifai mai haƙora 48 a 65, sai tabarau da takunkumi da salatef na takarda, 22.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ƙanena ya ɗauko Kawu bayan masallaci. Ya ci abinci, ya gaisa da Inna, sannan aka sa masa kujera kusa da ƙyauren. Bai ce komai a kan zarto ba sai da ya gama shafa katakon daga sama har ƙasa. Ya ce meranti ne, irin wanda ake shigowa da shi daga Malesiya da Indunisiya, kuma ya tuna kafinta ɗan Yaman da ya haɗa wa Baba shi.

Sai ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina shiga ta ƙofar nan. A gefen ƙyauren akwai wasu dogayen tabo masu kusurwa huɗu da launinsu ya fi duhu. Ya ce harsunan katakon kwance ne, sun ratsa na tsaye sun fito waje, an buga musu 'yan tsinke sun buɗe a ciki, su ke riƙe da ƙyauren, ba ƙusa ba. Na sama harshensa ɗaya, ya fara santimita 3.5 daga kai, don haka kada in ɗebi fiye da 2.5 a can. Na ƙasa faɗinsa 22 kuma harshensa biyu, yankan zai ci rabin na ƙasan, na saman zai tsira. A gefen hinji ma santimita 3.3 da zan cire za su tafi da bakin harsunan inda tsinken ya fi kamawa. Ya ce, "Ɗana, kafin ka cire masa abin da ke riƙe da shi, ba shi wani." Muka huda rami ta fuskar ƙyauren ya ratsa kowane harshe, nesa da inda faifai zai bi, muka buga turakun katako masu kaurin milimita 10 da gam, muka share kawunansu. Turaku da bakin huji, 14.

Na tambaye shi me ya sa ba za a raba ragin faɗin gefe biyu ba. Ya ce in aka taɓa gefen kuba sai an nutsar da kubar, ramin mariƙi da na makulli su tashi daga wurinsu, ga kuma ɗan gicciyen da aka fere wa gefen don kada ya bugi firam wajen rufewa. Gurbin hinji kuwa aikin minti ashirin ne.

Daga nan muka yi majagaba, wadda ita ce babbar ribar yau. Na sa an yanko mini falawud a shago, 30. Muka ɗora siriri mai miƙaƙƙen gefe na kamfani a kan mai faɗi, muka ɗaure da gam da sukurori. Sai na jingina tafin zarton da siririn na bi, faifan ya yanke rarar mai faɗin. Shi ke nan, bakin falawud ɗin ya zama daidai inda faifan zai bi kullum, ba sauran lissafin tazara. Ka ɗora bakin a kan layinka, ka matse, ka tura. Kuma da yake yana danne fuskar katakon har bakin yanka, tsagewa ba ta samun wurin tashi. Mun yi biyu, gajere na santimita 110 da dogo na 230.

Sauran faɗan Kawu na rubuta a bangon rumfar tanki: faifai ya leƙo ƙasan katako da tsawon haƙori ɗaya kawai, a bar injin ya kai ƙarfinsa kafin ya taɓa itace, hannu biyu, a tsaya a gefe, ba a bayansa ba, guntun da za a yar a bar shi ya faɗi da kansa, kada a tokare. Na gwada sau huɗu a farin ƙyauren. Na huɗun har Kawu ya bi da ɗan yatsa ya gyaɗa kai.

Talata, 28 ga Janairu

Akwai abin da nake ta kewayewa tun ranar da na auna. A fuskar ciki, a kan katakon tsaye na gefen hinji, Baba ya rubuta sunaye da ajami da biro, kowanne da lambar tarho a ƙarƙashinsa. Na Kano duk da 064 suka fara. Lokacin babu wayar hannu, sai ya kwafa a takarda ya tafi kabina, shagon buga tarho, ya kira. Sunaye goma sha ɗaya ne, kuma da yake rubutun daga dama yake farawa, dab da bakin ƙyauren ya soma. Na ɗora tef, santimita 3.3 za su tafi da harafi biyu ko uku na farkon kowane suna.

Bayan isha'i na kai wa Inna maganar. Na ce akwai dabara, ana iya ɗeba ta gefen kuba, aikin zai ƙaru amma rubutun zai tsira. Ta ce a kawo mata tabarau. Ta durƙusa da kyar tana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wane ne: wannan ƙanin babanku na Fagge, wannan mai gidan da yake sauka in ya je, wannan wanda ake ba saƙo ya kai ƙauye. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Duk sun riga mu gidan gaskiya, in ban da ɗaya. Lambobin ma ba sa shiga. Yanka ta inda kawunka ya ce, ƙofar nake so ta rufu. Amma abin da ya fita ka kawo mini."

Na ɗauki hoton rubutun daga kusa, na tura wa Yaya da 'yan'uwa mata.

Juma'a, 31 ga Janairu (1 ga Sha'aban)

Na yi bisimilla na fara da kai. Na liƙa salatef a kan layin ya zagaye fuska biyu, na bi layin da kaifin reza sau uku don in datse jijiyar katakon, na ɗora majagaba na matse. Na kuma ɗaure wani guntun katako a gefen da faifan zai fita, don a nan kusurwa ke ɓallewa. Santimita 2.5 suka faɗi ƙasa, bakin ya fito kamar an goge. Warin katakon ya tashi, ja-ja-jan gari ya rufe mini takalmi.

Gindi kuma layinsa a karkace na ja shi da gangan, 7.3 ta gefen hinji, 8 ta gefen kuba, don ya bi daɓen, da barin milimita 3 a sama da santimita 1 a ƙasa. Ban ji zafin rabuwa da wannan ɓangaren ba, dama ya yi baƙi ya yi laushi tun ruwan 2011 da ya kwana a tsakar gidanmu. Ina cikin tafiya lafiya, na wuce rabi, sai na ji ƙas, tartsatsi ya fito, zarton ya girgiza a hannuna. Na saki maɓalli, na riƙe shi a wurin har faifan ya tsaya cik, kamar yadda Kawu ya ce, sannan na ɗaga. Ƙusa ce marar kai, ta nutse, fenti ya rufe ta. Sai a lokacin na tuna akwai shekarar da Baba ya buga wa gindin falle na ƙarfe saboda ɓeraye, daga baya aka cire. Haƙori biyu sun ɓalle daga faifan da ko kwana goma bai wuce ba.

Ƙanena ya ciro maganaɗisu daga wata tsohuwar sifika, muka bi layin da shi a hankali. Ya kama a wuri uku. Muka tona muka zare su da filaya, ramukan duk a ɓangaren da za a yar suke ko dab da shi. Na ƙarasa yankan da faifan a haka, ya bar 'yan zane a bakin, amma gefen da ke kallon ƙasa ne. Da na yi wannan binciken tun farko da faifaina na nan lafiya, kuma da haƙorin da ya ɓalle ya nufo fuska, tabarau ne kaɗai tsakanina da shi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na bi gefen hinji da maganaɗisu sau biyu. Karyayyen sukuru ɗaya a tsohon gurbin hinjin tsakiya, na fitar. Sabon faifai mai haƙora 24, riyal 45. Kawu ya ce yankan da ke bin tsawon itace ya fi son haƙora kaɗan masu faɗin tsakani, su kwashe gari da sauri, in ba haka ba faifan ya yi zafi ya ƙona katakon.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Dogon yanka. Da yake faifan ya canja, na fara gwada doguwar majagabar a kan wani katako, na ga bakin ya goce da kusan rabin milimita, na yi la'akari da shi. Na juya fuskar rubutun ta kalli ƙasa don ita ce ba na so ta tsage. Na auna 88.7 daga gefen kuba a wuri biyar, na sa alama, ban auna daga gefen da zan yar ba. Ƙarfen matsewa biyu ba su isa tsawon mita biyu ba, tsakiya na motsi, sai ƙanena ya danna ta da hannu daga can ɗaya gefen, nesa da hanyar faifai. Na rataya wayar a kafaɗa don kada ta sarƙe.

Na yi tafiyar kamar santimita 60 sai na ji sautin injin ya canja, na ga tsagar tana haɗewa a bayana. Katakon ne ke sakin abin da ya riƙe shekara arba'in. Na tsaya, muka soka ɗan tsinken katako a tsagar ta buɗe, na ɗan ja zarton baya, na tashe shi, na ci gaba. Sau biyu muka yi haka. Da siririn ya rabu ƙanena ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

Harsunan sun fito fili a sabon gefen, babu wanda ya motsa. Turakun Kawu sun riƙe. Na goge siririn na kai wa Inna. Ta juya shi ta ga rabin sunayen, ta sa shi a bayan akwatinta, ba ta ce komai ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hinji uku na inci 4, riyal 36, dogayen sukurori 10. Na sassaƙa gurabensu dare biyu. Banish da buroshi da samfefa, 48. Na shafa wa duk inda faifai ya bi sau biyu, musamman gindi da kai, don ta nan katako ke shan danshi, kuma danshin Jidda ba a ba shi ƙofa. Fuskar rubutun ban taɓa ta ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Mun rataya shi, bai rufu ba.

Kaurin ne ban lissafa ba. Ƙyauren mai gida 4 ne, na Baba 4.5, sai ya bugi siririn katakon da ke tare ƙofa a jikin firam tun harshen kuba bai kai raminsa ba. Mako shida na awo da na yi a kaina, tsawo da faɗi kawai nake gani. Allah Ya sa siririn da ƙusa aka buga shi, ba a jikin firam aka sassaƙa shi ba. Na ɓanɓare shi a hankali, na rufe ƙyauren, na mayar da shi baya da milimita 5. Ramukan sukurorin firam na sama sun lalace, ba sa kamawa, ga nauyi. Na cusa musu tsinken sakace da gam, na jira, na ɗaura dogayen sukurori.

Ramin harshen kuba ma sai da na sake shi, tunda mariƙin ya sauko daga 105 zuwa 97. Wannan ya yi wa Inna daɗi, ta ce da can sai ta ɗaga kafaɗa.

Sauran matsala ɗaya: in an buɗe ya kai rabi, gindin na gogar kafet har sai an tura da ƙarfi. Daɓen ya ɗan tashi a tsakiyar ɗaki, ni kuma a bakin ƙofa kawai na auna. Magariba ta yi, na bar shi haka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hutun Ranar Kafuwar Saudiyya, ba aiki. Na buɗe ƙyauren zuwa inda ya fi cijewa, na kwantar da fensir a kan wani falle mai kaurin milimita 5, na ja shi a kan kafet ya zana layi a gindin. Muka sauke, muka fitar tsakar gida. Milimita 5 ba abin da za a iya yankewa da ido ba ne, faifai zai zame waje, amma da majagaba har da reza da salatef sai ga shi ya fita siriri kamar ɓawon rake. Na sake shafa banish, muka jira ya sha iska har la'asar, muka mayar.

Ya buɗu har bango, ya rufu da ɗan yatsa ɗaya. Ƙarar da kubar ke yi in ta faɗa raminta ita ce dai ta gidan Sabil, har uwargida ta leƙo daga kicin. Kawu ya sa an riƙe masa waya ta bidiyo, ya ce in zura kwali a tsagar gefe daga sama zuwa ƙasa ya gani. Ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Ta saman gefen kuba tsagar ta ɗan fi faɗi, milimita 6, amma siririn firam ya rufe ta.

Abin da na kashe gaba ɗaya riyal 613, a ciki 190 na zarto ne, 110 na faifai biyu. Ya ninka kuɗin shago sau huɗu, na sani, kuma ban yi nadama ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ana sa ran azumi jibi Asabar. Ƙyauren mai gida na nannaɗe shi da leda na sa a ɗakin ajiya, a ciki, ba saman bene ba. Farin na gwaji yana jiran hinji, sai bayan salla. Makullin kubar ɗaya ne ya rage, gobe zan kai a yanko biyu. Kawu ya ce in zafi ya shigo danshi ya yi yawa in sake gwada kwalin nan, in ya fara cijewa a fere gefen hinji kaɗan, kada a jira ya kumbura ya ja sukurori.

Da asuba na ga Inna ta fito da siririn daga bayan akwati, ta kara shi a gefen ƙyauren tana haɗa sunayen. Ta ce in nemo mata lambar wayar ɗayan da ya rage, tana so ta yi masa barka da shan ruwa. Na tura wa Yaya ya tambaya a Fagge.